Kwanon Maman Afrah

Kwano ba ya komawa gidansu fanko. Jane ta san wannan tun tana yarinya a Bokkos, kuma zaman ƙasar waje a Thamesmead bai mantar da ita ba. Da Hajiya Katumi, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, ta aiko mata da masar Sallah a kwanon tangaran, sai ta ce da kish za ta mayar da shi. A kicin ɗin gidan tsofaffi inda take aiki ta koya: ɓawon fulawa a ƙasa, dankali da nama da tumatir a sama, a kwarara ƙwai da madara, a gasa.

Dankali kam ba a koya wa 'yar Filato. Ta dafa shi sama-sama, ta yanka fale-fale. Naman ne ta aiki mijinta Bot, ta ce ham, sarrafaffen naman nan, amma na talotalo, wurin mahaucin halal na Woolwich. Ta faɗa, ta maimaita. Namiji da aike! Bot ya ga bas na shirin tashi, ya faɗa shagon kusa ya ɗauko wanda hannunsa ya fara taɓawa, har da gwanintar juye shi a faranti.

Kish ya gasu, gefensa ya yi ja, ƙamshi ya cika gidan. Sai da ta je zubar da ɓawon ƙwai ta ga ledar naman a shara. Alade ne, ga hotonsa ma.

"Baban Tina, ka kashe ni!"

"Haba, wanke kwanon kawai ki sake wani," in ji Bot. "Wa zai sani?"

Ita za ta sani. Hajiya ce ta riƙe mata 'yarta Tina duk lokacin da take aikin Asabar, ita ce kuma ta zauna da ita ranar da aka yi waya cewa mahaifiyarta ta rasu. A duk benen nan ba ta da kowa sai ita. Tsoro ya kama Jane sosai, amma ta ɗaura ɗankwali ta je ta ƙwanƙwasa, hannu rabbana.

"Maman Afrah, na yi ɓarna. Na gasa naman alade a kwanonki. Ban sani ba sai da ya gasu."

Hajiya ta dubi hannun Jane.

"To, Maman Tina. Riƙe kwanon, na bar miki."

Ba faɗa, ba dariya. Ta ce tana da tukunya a wuta, ta rufe ƙofa.

Jane ta dawo ta zauna ta yi kuka. Bot ya ci kish ɗinsa shi kaɗai, ko yanka ɗaya ba wanda ya taya shi, kuma ya san bai isa ya ce ya yi daɗi ba. Satin nan in sun haɗu a lif sai gaisuwa, sannu, yawwa, kowa ya kama gabansa.

Ranar Lahadi bayan coci aka buga ƙofa. Hajiya ce da kanta, ɗauke da tuwon shinkafa da miyar taushe a sabon kwano, takardar shago ma ba a gama ɓare ta ba.

"Wannan ba kyauta ba ne," in ji ta. "Ina son abina ya dawo, da abin nan naki mai dankali a ciki. Amma Baban Tina kada ya sake zuwa cefane."