Tayoyin da Ke Ƙarƙashin Gidan Hayana

Ranar Asabar da hantsi ina kicin ina soya tarwaɗa, sai ga Mama Ozella Pruitt ta turo ƙofa ba ko sallama. Ita ce 'yar hayata, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, da can ita ke dafa wa yaran firamare abinci a nan garinmu, Pontotoc. Shekararta goma sha ɗaya a gidan da ke ƙasan gangaren filinmu, kuma ba ta taɓa hawo tudun nan ba tare da kwanon wani abu a hannu ba. Ranar kuwa ba komai a hannunta ta zo.

"Wynell, 'yar nan, me na yi muku?"

"Kamar yaya, Mama?"

"Mijinki ya ce in sauke hotunana daga bango, in naɗe farantai a jarida. Wai ƙarshen wata zan fita. Ba ke kika ce sai dai a fitar da gawata daga gidan nan ba?"

Ni na ce, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Na kashe wuta, na bar kifin a cikin mai.

Gidan nan shi ne tsufana. Shekara ashirin da shida ina tsaye a kamfanin kaji ina cire ƙashi, gwiwoyina sun fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da babana ya rasu ya bar mini fili, sai na sayar da itatuwan da ke kai, na ce zan yi gidan haya, ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukata haya ta ciyar da ni. Babana magini ne, ni kuwa 'yarsa, don haka bulo nake so, a haƙa fandisho a ɗora gini.

Doyle, mijina, ya ce a'a. Wata guda ya yi yana yi mini romon baka.

"Haba Wynell, ginin bulo wata tara ne, in ma maginin bai gudu ya bar ki da rabin bango ba. Na kamfani kuwa a rumfarsu suke ƙera shi, ruwa bai taɓa shi ba, a jawo shi da mota a ajiye miki. Sati shida kin sa ɗan haya. Ɗan haya ina ruwansa da bulo? Ɗaki uku yake nema da famfo mai ruwan zafi."

Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta ci ni. Kuɗin itacen ma da ƙyar zai kai ginin bulo ga rufi. Na yarda, amma na kafa sharaɗi ɗaya. Na ce da zarar an ɗora gidan a kan ginshiƙansa, a cire tayoyi da ƙarafan da suke hawa, a kwance ƙugiyar da mota ke ja, a mai da wa kamfanin kayansu. Ba na son gidan da zai iya tafiya.

"An gama," in ji shi. Bayan kwana biyu da kawo gidan ya ce sun zo sun kwashe, ya zagaye ƙasan gidan da farin kwanon rufi ya ɗaure da kusoshi. Ranar sa hannu a takarda ma ina wajen aiki, shi kaɗai ya je. Ni dai abin da na yi da hannuna shi ne matakala. Na ɗauko cokalin ginin babana na jera mata bulo hawa biyar a bakin ƙofa, don kada a ce 'yar magini ta yi gida babu bulo ko ɗaya.

Tun daga nan duk farkon bazara Doyle zai kwance kwano ɗaya ya rarrafa ƙarƙashi, wai duba bututun ruwa bayan sanyi. Kuma duk lokacin sai ya leƙo kicin ya ce, "In za ki kanti ki haɗo mini da gwangwanin giris, injin yankan ciyawa na nema." Har yabonsa nake yi a coci. Ina cewa mijina ba ya wasa da kayan haya.

To ranar nan ban nemi Doyle ba tukuna. Na ɗauki tocila da sukundireba na gangara, Mama Ozella na biye da ni tana haki. Na kwance kwanon, na durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa na shiga.

Kan uba! Ga ƙarafan tayoyi uku suna nan daram a mazauninsu, bakin kowanne yana ƙyalli da sabon giris. Ga tayoyi shida an jera a kan katako an lulluɓe da tamfol don kada su tsage. Ga ƙugiyar ja a kwance, kusoshinta a cikin kwalba. A kan dogon ƙarfen da ya riƙe gidan kuwa gwangwanayen giris ne a jere, duk babu komai a ciki. Na haska su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya. Na farkon ya yi tsatsa har sunan kantin ya goge.

Na daɗe a kwance a ƙasar nan. Mama Ozella na kira, "'Yar nan, lafiya? Ko maciji ne?" Na rarrafo na fito da gwangwanin mai tsatsa a hannuna.

A rumfar da ke bayan gidanmu na sami Doyle, yana zaune a kan bokiti yana gyaran fatsa. Na jefa masa gwangwanin mai tsatsa a gabansa.

"Ashe injin ciyawa a ƙarƙashin gidan Mama Ozella yake kwana?"

Ya kalli gwangwanin, ya sosa ƙeya. Ko razana bai yi ba, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Da ma yau nake shirin gaya miki."

"Gaya mini me, munafuki?"

"Na samu fili a bakin tafki a jihar Arkansas. Can zan koma."

"Wace ce?"

"Babu kowa, Wynell. Na rantse."

Na so a ce akwai. Da akwai wata, da na san wadda zan zaga. Amma na san fuskar Doyle in yana ƙarya, yanzu kam na sani, kuma wannan karon gaskiya yake faɗa.

"To ka tafi mana! Wa ya ɗaure ka? Ga mota, ga hanya. Gidana fa?"

"Filin naki ne," ya ce a hankali, idonsa a kan fatsa. "Gidan sunana ke kan takardarsa."

"Da kuɗin itacen ubana?"

"Ni ma shekara talatin na yi ina zaune a filin ubanki, a gidan ubanki. Ko bishiyar da nake shan inuwarta ta ubanki ce. Sai na ga ya kamata in sami abu ɗaya da zan iya ɗauka."

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da gyaran fatsarsa. Ba sai ya faɗa ba, na riga na ƙirga.

"Shekara goma sha ɗaya kana cin burodin masarar da na gasa, kana kwana a bayana, ashe ƙafarka ɗaya a waje? Doyle, ba ka ji kunyata ba, ita tsohuwar fa? Rigar sanyin da ke jikinka ita ta saƙa maka!"

"Na ba ta wata guda," in ji shi. Ji wani rainin hankali.

Litinin na je wajen lauya. Ya ce irin gidan nan, matuƙar ba a haɗe takardarsa da ta fili ba, kamar mota yake, mai suna a takarda shi ke da iko. Ya ce za mu iya shiga kotu, kuma ina da magana, amma kafin a sa mana rana gidan ya ƙetare iyakar jiha. Doyle ya riga ya karɓi izinin jan gidan a kan titi. Na shigar da ƙarar duk da haka, tana can har yau.

Na kwashe kayan Mama Ozella zuwa ɗakin ɗinkina. Na ce mata, "Mama, alkawarin gida na yi miki, ban ce wanne ba." Ta yi ɗan murmushi don ta faranta mini, amma kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Ranar Larabar ƙarshen wata da safe suka zo, babbar mota da mutum huɗu. Doyle bai iso inda nake ba, yana can bakin titi cikin motarsa. Na tsaya a kan tudu na harɗe hannu ina kallo suna ɗaga gidan, suna zare ginshiƙai, suna ɗaura tayoyi. Ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Kafin rana ta take gidan ya motsa. Labulen Mama Ozella ɗaya da muka manta yana ta kaɗawa a tagar kicin. Matakalata ce kaɗai ta rage, hawa biyar, babu ƙofa a samanta.

Direban ya sauko ya duba fitilun baya, wani ƙato mai farin gemu. Ya hango ni ya taho yana goge hannu da tsumma. Bai san komai ba, bawan Allah, a zatonsa ƙaura muke yi.

"Madam, shekara ashirin ina jan gidaje, yawanci sai mun zo da namu ƙarafan, na wurin duk sun ci tsatsa. Amma wannan? Kamar jiya aka ajiye shi. Mijinki ya iya kula da kaya. Kuma giris mai kyau aka yi ta sa masa, ba na banza ba."

"Na sani," na ce. "Ni nake sayowa."