Ƙofar Hayaƙi

A'i ta fi saurin gane kukan babur ɗin mijinta a kan sallamarsa. Tsohon babur ne, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai, mai barin shuɗin hayaƙi a baya. Mijin nata, Malam Abdulsalami, bakanike ne a Gwaram. Wata shekara ya kwance injin, ya ciro bulok, tukunyar ƙarfen nan da fistin ke hawa da sauka a cikinta, ya zauna a tsakar gida da ɗan siririn magagari yana gogar ƙofar da hayaƙi ke fita. Ya goga, ya hura, ya zura yatsa ya shafa, ya sake gogawa.

"Malam, me ƙarfen nan ya yi maka?"

"Numfashi nake buɗe masa. Hawan nan na hanyar Sara, in kina baya, har roƙona yake in sauke ki."

"Wato ni ce nauyin?"

"Ni ban ce ba. Shi ya faɗa."

Kwana huɗu ya yi yana wannan aiki. Da ya mayar, babur ya ƙara ƙarfi, muryarsa kuma ta sauya, ta zama siririya mai kaifi, da wata 'yar sarƙewa kafin ta miƙe, kamar mai gyaran murya. Tun daga kwanar kasuwa A'i ke jiyo shi, sai ta cika buta, ta shimfiɗa tabarma. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Da damina Malam ya kwanta, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa. Tana cikin takaba ƙaninsa Yahuza ya ga babur ya ƙi tashi, ya ɗora shi a mota ya kai Birnin Kudu gyara. Da kyakkyawar niyya ya yi. Ranar da ya dawo da shi, A'i ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ɗauka baƙo ne.

"Yaya, ba ki ji na Malam ya tashi ba? Sabon bulok aka sa. Jafaru bakanike ya ce tsohon ya cinye, ƙofarsa ta yi faɗi."

"Ina tsohon?"

"Yana can cikin tarkace."

Saura kwana goma sha tara ta fita takaba. Kullum tunaninta ɗaya, kada 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa su riga ta. Washegarin da ta fita, ta shiga motar Birnin Kudu, Yahuza na biye da babur.

Jafaru ya yi mata ta'aziyya, sannan ya shiga tona tarin ƙarafa a bayan rumfarsa, yana mita ƙasa-ƙasa. Can ya ciro shi, duk tsatsa.

"Ga shi, Inna. Dubi yadda ya cinye."

"Sa yatsanka ka shafa."

Ya zura yatsa, ya zagaya, ya sake zagayawa. Gefen sumul yake, ko'ina daidai. Mitar ta tsaya.

"Wannan ba ci ba ne. Hannun mutum ne."

"Kwana huɗu," in ji A'i.

"Allah ya jiƙan mai hannun. Amma gaskiya cikinsa ya karce. Ko na mayar, ba zai daɗe ba."

"Ko sau ɗaya ne, ɗana."

Sai bayan la'asar ya gama ɗaurawa. Zai tayar, ta hana shi. Ta ce ya tura shi can bayan kwanar titi tukuna, inda ba ta ganinsa, ya taho daga nesa. Jafaru ya dubi Yahuza, Yahuza ya sunkuyar da kai. Jafaru ya kama ƙahon babur ya tura.

A'i ta juya wa titi baya, ta fuskanci bango. Motoci na wucewa, mai rake na kiran ciniki. Sai ga muryar babur ɗin, siririya, daga can. Ta sarƙe kaɗan, ta miƙe.

Butar bakanikai na jingine a gindin bango, da sauran ruwa rabi. Ba ta san sanda ta ɗauke ta ba. Kukan na matsowa, yana matsowa, har ya tsaya a bayanta, hayaƙinsa ya zagayo ta.

"Inna, in kashe?"

Ba ta waiwaya ba.

"Bar shi tukuna," ta ce.