Lungun da Maiwada Ya Toshe

Tsamiya ɗaya da lungu ɗaya nake bin ɗana Maiwada. Ni ba na mance bashi, ko na wanda na goya ne.

Ta lungun nan iska ke tasowa daga gonakin rake, ta bi gindin tsamiya, ta shigo mana tsakar gida da sanyinta kamar an aiko ta. Tun ina amarya a Makarfi haka take zuwa. Da Maiwada ya samu wadata, sai ya sare tsamiyar, ya toshe lungun da shagunan bulo hawa biyu, ya malale tsakar gida da siminti. Maƙwabta suka gani, kowa ya bi sahu.

Ban san mutum na iya tsayar da iska ba sai da na gani. Bayan rana ta faɗi, in ka dafa bangon nan, sai ka ji shi kamar gindin tukunya. Ashe gini na haɗiye rana, ya riƙe, ya amayo mana. Randa ta daina sanyaya ruwa. Mazarƙwailar da nake sayarwa ta narke a faifai.

Sorona na ƙasa kaɗai ya rage, shi ma ya ce a rushe.

"Inna, zagina ake yi. Wai na bar uwata a ɗakin awaki."

"Zagin naka ne, ɗakin nawa."

"Zan sa miki fanka."

"Da wace wutar?"

*

Leburori suka zo tsakiyar bazara, an ɗauke wuta. Da azahar Maiwada ya shigo kwashe min kaya, riga jiƙe sharkaf. Yana sunkuyowa ciki ya tsaya cak.

"Inna, me kike sawa a ɗakin nan?"

"Me kuwa? Ƙasa ce da azara. Kakanka ya yi bango mai kauri, ya bar 'yar taga can sama don zafi ya samu hanyar fita."

Ya shafa bangon, ya manna kuncinsa a jiki. Ni ma na dafa. Gari duk yana ci kamar murhu, nan kuwa kamar bakin rijiya. Ikon Allah, ƙasar da muke takawa ce fa.

Ya ce bari ya ɗan zauna. Kafin in gama ɗaure kwanukana ya yi barci, baki buɗe.

Na leƙa waje. Leburorin sun jingine digoginsu, sun lafe a inuwar bangon da za su fasa, suna jira ya farka.

Ban tashe shi ba. Tsamiyata da lunguna suna nan a kansa. Barcin nan ma na haɗa a ciki.