Madubi Mai Kumfa

Ranar Talata labarin ya zo wa Hasiya, a ƙarshen daminar 1989, tana tsakar gidansu a Badarawa tana tankaɗen garin tuwo. Haruna, ƙanen mijinta, ya shigo babu sallama. Shi da kullum yakan tsaya a soro ya ɗaga murya, "Matarmu, me aka ajiye mini?" Ranar kuwa ya wuce kai tsaye ya tsaya kusa da randa, hularsa a hannu.

"Lafiya, Haruna?"

"Yaya ne. A Rigachikun. Motar da ya ɗauko gilasai daga Kano ce ta faɗi."

Ta ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare. Sai da ta ga babu sauran abin tankaɗewa sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta zauna a ƙasa.

Bayan la'asar aka kawo mijinta Labaran, an riga an yi masa wanka an sa shi a likkafani tun a can. Ta durƙusa ta yi masa addu'a, ta roƙi a buɗe mata fuskarsa ko sau ɗaya. Maza suka dubi juna. Haruna ya ce, "Ki yi haƙuri, Hasiya. Gilashi ne cike da motar." Ba ta sake tambaya ba.

Sana'ar Labaran madubi ce. Yana da shago a bakin Babbar Kasuwa, yana yanka gilashi yana yi masa baki da katako ko ƙarfe, na jeren amare da na falon manyan ma'aikata a Malali. Wanda bai samu mai saye ba yakan kawo gida, don haka ɗakin Hasiya ya fi na kowace mace a unguwar madubai. Akwai dogo jikin kabad, akwai mai siffar zuciya, akwai mai furanni a kusurwa. Amma babba a cikinsu shi ne wanda ya sayo a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida, shekara guda bayan aurensu. Zagayayye ne, an kewaye shi da ƙwallayen ƙarfe masu ƙyalli, manya da ƙanana, kamar kumfar sabulu ta taru a bakin bokiti. Shi ya sa masa suna mai kumfa. Ya kafa shi a bangon da ke kallon ƙofa, sau uku ana taya shi yana cewa ba na sayarwa ba ne.

Washegarin rasuwar, Yaya Dije, yayar Labaran, ta tare a gidan don ta zauna da mai takaba. Ta shiga ɗakin ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Wannan ɗaki ne ko shagon aski? Mai takaba ba ta duba madubi. Miƙo mini zannuwa."

"Yaya, an ce malamai ba su hana ba."

"Malamai ba su hana ba, ni na hana. Haka muka tarar."

Ta juya ƙananan suka fuskanci bango, ta lulluɓe manyan. Mai kumfa ya ba ta wahala, zanen yana ta zamewa daga kan ƙwallayen, sai da ta ɗaure shi ta baya da tsumma. Ɗakin ya yi duhu, ya ƙanƙance, kamar an toshe tagogi.

Wajen kwana na ashirin abin ya fara. Hasiya ta idar da sallar walha tana yi masa addu'a, ta nemi fuskarsa a ranta, ba ta zo ba. Muryarsa tana nan. Tarinsa na safe yana nan, da ƙaushin yatsunsa da gilashi ya sha yanka, da yadda yake tura hula baya in zai ci abinci. Fuskar ce kawai take zuwa rabi-rabi, goshi yau, haɓa gobe, kamar abin da aka gani a ruwan da ake kaɗawa. Billensa kaɗai ya tsaya daram, tsaga guda daga gefen hanci ta gangaro kumatu.

Daga ranar zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta sauke kwanukan jere ta goge ta mayar, ta sake saukewa. Takan je har bakin soro ta tsaya, ta tuna ba ta da fita, ta dawo. Ta zazzage akwatinsa da aljihun kowace riga. Ta san ba za ta samu komai ba. Labaran bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ko a bikin 'yarsu Hansai da aka kai Mando. Cewa yake, "Ni da nake ganin fuskata sau ɗari a rana, me zan yi da hoto?"

"Ke, zauna mana," in ji Yaya Dije. "Kin sa mini jiri. Kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

Da Haruna ya zo da cefane, Hasiya ta tare shi.

"Ka nemo mini hoton Baban Hansai."

"A ina? Kin fi kowa sanin halinsa."

"Ka tambaya. Duk inda ya yi aiki. Wani ya ɗauke shi bai sani ba."

"Matarmu, Kaduna fa da girma."

"Ƙafarka ma da girma. Takalminka ne kaɗai ba a sata a masallaci."

Ya yi dariya, karo na farko tun rasuwar, ya ce zai gwada.

Mako biyar yana gwadawa. Ya je otal ɗin da suka kafa wa madubai a zaure, ya je wajen masu aski, ya je gidan wani hafsa a Mando. Kullum in ta ji sallamarsa sai ta miƙe, ta dubi hannunsa kafin fuskarsa. Kullum cefane ne kawai. A tsakanin nan goshin ma ya daina zuwa. Ta fara tsoron ranar da za ta nemi billen shi ma ta rasa.

Wata Asabar da hantsi ya shigo yana murmushi, ya zaro ambulan daga aljihu.

"Tukuicina tuwon shinkafa, miyar taushe, ban da rowar nama."

Wani mai ɗaukar hoto ne a Kawo, wanda Labaran ya kafa wa madubai a shago bara. Saura hoto ɗaya fim ɗinsa ya ƙare, sai ya ce, "Malam Labaran!" Da ya waiwayo ya danna. Ya wanke ya jefa a durowa ya manta.

Hasiya ta goge hannu a zane ta karɓa. Mutum ne riƙe da guduma, hula ta koma baya, baki a ɗan buɗe kamar zai yi faɗa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa Haruna.

"Ba shi ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba ne?"

"Rigarsa ce, hularsa ce. Amma ba shi ba ne. Mai hoton ya ɓata. Billen Baban Hansai ta nan yake." Ta nuna gefen hagun hoton. "Wannan nasa ta can."

Yaya Dije ta fizge hoton ta kai shi haske. Idonta ya ciko nan take.

"Labaran ne, wallahi. Har da wannan bakin nasa na gardama."

"Yaya, billen fa."

"Billen me? Kumatun hagu. Ina tsaye wanzami ya yi masa, ni na riƙe ƙwaryar ruwan. In yana kallonki, ai ta damanki zai faɗo. Ga shi nan daidai."

"Shekara ashirin ina zaune da mutum, a ce ban san inda billensa yake ba?"

"To ni shekara arba'in da bakwai."

Hasiya ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. In hoton gaskiya ne, to abu ɗayan da ta riƙe ma ba daidai ta riƙe shi ba. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Yaya Dije ta biyo ta, ta tsaya a ƙofa tana kallonta.

"Zo nan, 'yar nan. Tsakaninki da Allah, kin taɓa tsayawa kin ƙura wa Labaran ido?"

"Haba Yaya. Ido cikin ido? Da kunya ai."

"To a ina kika ƙare masa kallo har kike musu da ni?"

Hasiya ta ɗaga kai. Idonta ya tafi bangon da ke kallon ƙofa. Nan bakin gadon take zama kullum in ta ajiye masa abinci. Shi yana kan tabarma, ita ta kawar da kai kamar tana gyaran ɗankwali, alhali tana kallonsa a cikin mai kumfa. A tsakiya fuskarsa sosai, a cikin ƙwallayen kuma ƙananan Labaran goma sha, kowanne da ƙaton hanci. Wani lokaci ya ɗago su haɗa ido a ciki, ya ɗaga mata gira, ta sunkuyar da kai.

Yaya Dije ta bi idonta. Sai ta tafa hannu.

"Oh ni Dije! Shekara ashirin kina leƙen ƙanena ta madubi, muna cewa salihar baiwa."

Tana dariya hawaye na zuba. Ta je ta kama tsumman da ta ɗaure da hannunta, ta tsaya, ta yi ɗan tunani.

"Mai takaba ba ta duba kanta a madubi. Ban ji an ce ba ta duba mijinta ba. Tsaya daga gefe. Miƙa hannunki kawai."

Ta kwance, zanen ya zame ƙasa. Hasiya ta raɓe jikin bango, ta miƙa hoton gaban gilashin, ta leƙa ta gefe. Billen ya koma inda ta san shi. Goshin ya zo, haɓar ta zo, idon nan mai ɗan lumshewa ya zo, duk a lokaci guda. A cikin ƙwallayen ta hango wata mace ƙarama, ramammiya, da baƙin mayafi, ta bar ta nan ba ta kula ta ba.

"Shi ne," ta ce.

Daga tsakar gida Haruna ya ɗaga murya, "To a ɗora tukunya ke nan?"

"Ka jira," in ji Yaya Dije. "Ana gaisawa."

An fita takaba, an juyo da sauran madubai, daga baya Hasiya ta raba su ga 'yan'uwa, ta bar mai kumfa. Tsatsa ta fara cin ƙyallin ƙwallayen ta ƙasa, biyu sun lotsa lokacin da aka sake rufin ɗakin. Hoton yana cikin wata kwalla a saman jere. Kowace safiya in ta gama shara takan wanke hannu ta ɗauko shi ta miƙa gaban gilashin. Babu mai hana ta tsayawa a tsakiya yanzu, amma har yau daga gefe take tsayawa.