Sifili da Ɗigo Shida

Na je ofishin Auta da hantsi don in kai mata mabuɗin gida da ta manta. Kwana goma sha tara ke nan da rasuwar mahaifiyarta. Ni tun da na daina gyaran agogo ba ni da wurin zuwa, sai na zauna a kujerar baƙi ina kallon fanka. Fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, kowane zagaye sai ta yi ɗan tari.

Aikin Auta shi ne jera mutane a jadawali. Shekaru a gefen hagu, abin da ya yi ajalin mutum a sama, inda layi biyu suka haɗu kuma akwai ɗan akwati mai lamba a ciki. Na matsa kusa da kwamfutar. Wani akwatin ya ce 14.3, wani 8.8.

"Auta, wane ne ya mutu ɗigo uku?"

Abokin aikinta, wanda suke kira Dogo, ya yi dariya. "Baba, wannan bai gama mutuwa ba, yana kan layi."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce a unguwarmu an shiga kowane gida an yi tambaya, a sauran unguwanni kuwa tsallake-tsallake aka yi. Don kada mu rinjayi kowa, sai na'urar ta rage mana nauyi. Mutum ɗaya namu bai kai ɗaya ba.

Ta ɗora yatsa a kan wani akwati can ƙasa. Mata masu shekara saba'in zuwa sama, faɗuwa a cikin gida. 0.6.

"Inna ce," in ji ta. "Ni na shigar da takardar."

Na daɗe ina kallo. Na tuna tayil ɗin banɗaki da bokitin da ya kife. Ban ji komai ba, sai dai na lura wutsiyar shidan ta fi ta sauran lambobin kauri.

"To haka za a buga ta?"

"Ba a buga ɗigo, Baba. Ko a cike lamba ta koma ɗaya, ko a yanke abin da ke bayan ɗigon. Dokar ofishin nan yankewa ce."

"In an yanke fa?"

"Sifili."

Dogo ya sunkuyar da kai, ya shiga neman wani abu a durowa.

Na ce, "Cike ta mana. Ai ta fi rabi."

"Ba a cike wa mutum ɗaya. In na danna, duk jadawalin ne zai motsa."

Amma ta danna. Ɗigogin suka ɓace gaba ɗaya. 8.8 ta zama 9, Inna ta zama 1, jimillar da ke ƙasa ta ƙaru da mutum goma sha ɗaya. Na yi ta tunanin mutanen nan goma sha ɗaya, ko sun san juna, ko yanzu ne suka haɗu. Firinta ta turo takardar da ɗuminta. Auta ta sa ta cikin fayil ta shiga wurin Oga.

Ƙofar a buɗe take, ina jinsu.

"Jimillar nan ba ta yi daidai da ta shafi na huɗu ba."

"Na cike ne, yallaɓai."

"Wa ya ce ki cike?"

Oga ya sassauta murya.

"Na san abin da ya same ku, Allah ya ji ƙanta. Amma in na bar wannan, shafi talatin za a sake. Ki mayar da shi kafin a tashi."

Ta fito, ta zauna, ta gyara zaman mayafinta. Ba ta dube ni ba. Ta buɗe ɗan allon zaɓin cikewa ko yankewa, ta cire alamar daga layin sama ta mayar na ƙasa.

"Baba, ka juya mana, kada ka gani."

Ban juya ba. Ɗayan ya koma sifili, daidai da na akwatin da ke samansa da na gefensa, har na kasa gane wanne ne nata sai da na bi layin da yatsa.

Dogo ya kawo mini ruwa a kofin roba. Na sha rabi. Auta ta tambaye ni ko na kashe murhu kafin in fito, na ce ina jin na kashe. Ta ce in koma in duba.