Ƙaf Mai Ɗigo Ɗaya

Inna Saude ta haura sittin kafin ta fara riƙe Alƙur'ani don ta karanta. Duk rayuwarta a Roni tsakanin ruga da kasuwa ta yi ta, ƙwaryar nono a ka. Surorin salla kam tana da su a ka tun tana yarinya, amma da ka nuna mata baƙi a takarda, da shi da sawun kaza duk ɗaya ne a wurinta. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai. Da ƙafa ta fara gajiya da tallan nono, sai ta shiga Islamiyyar matan aure, ta zauna a tsakiyar sa'o'in jikokinta, ta fara daga alif. Aka yi ta dariya har aka gaji, ita ba ta gaji ba. Shekaru suka tafi, ta sauke.

Da ranar walima ta matso, Malama Mas'uda, shugabar makarantar, ta ce kowace ɗaliba za a ba ta takardar shaida a cikin gilashi. Inna Saude ta ce ta gode, amma ita allon zayyana take so, irin wanda ake yi wa masu sauka tun zamanin da, ta ɗaga shi a gaban jama'a ta karanta da idonta.

Ɗanta Nuruddeen, ma'aikaci a Kazaure, bai so ba. Ya ce, "Inna, allon zayyana ai na yara ne. Ga manyan baƙi za su zo."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai dai ka kai ni wurin mai yi. In kunya kake ji, ka zauna a baya."

Haka ya sa ta a adaidaita har zauren Malam Daudu, tsohon mai zayyana a cikin Kazaure. Malam Daudu ya ji buƙatarta, ya ce tun da ya fara wannan sana'a bai taɓa yi wa mai furfura ba. Ya zage ya yi aikin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya zagaye allon da dagi, ja na shiga ƙarƙashin kore yana fitowa ta kan ruwan ɗorawa, ba ka gane inda zare ya fara balle inda ya ƙare. A tsakiya ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara da baƙar tawada mai ƙaro, wasulla da ja. Nuruddeen ya karɓo shi da safen walima, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ba wanda ya yi tunanin a ba tsohuwa ta duba tukun.

Filin makaranta ya cika, har da mutanen ruga da suka zo daga Gwiwa. Aka kira sunanta. Ta miƙe, ta kwance ƙyallen, mata suka ɗauki guɗa don kyan allon. Ita kuwa ta ƙura wa rubutun ido. Baƙaƙen masu kauri ne, a kwance, ba irin na bugun Madina da ta koya da shi ba. Malam Daudu rubutun tsangaya ya yi, wanda hannunsa ya sani, bai ko kawo a ransa akwai mai sauka da ba ta san shi ba.

Ta ɗora yatsa, ta fara a hankali, tana gane su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman shanunta a garken wani. Ta zo tsakiyar Fatiha, a kan *mustaƙim*, ta tsaya cak. Inda ta san ƙaf mai ɗigo biyu, sai ga ɗigo ɗaya tal a sama. A karatunta, wannan fa ne.

Nuruddeen ya sunkuyar da kai. Malama Mas'uda ta matso ta raɗa mata, "Inna, ai kin iya da ka. Ki wuce kawai, ba wanda zai sani."

Nan fa ran tsohuwa ya ɓaci. Ta ce, ba a raɗa ba, "Ni zan sani. Da ka na yi ta yi tun kafin a haife ki. Karatu na zo yi." Ta ɗaga kai ta dubi rumfar maza. "Ina Malam mai allo? Malam, wannan fa ɗin me ya kawo shi nan?"

Wasu suka yi dariya. Malam Daudu bai yi ba. Ya taso da sandarsa, ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna, ƙaf ne. A rubutun iyayenmu ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama. Fa kuwa nasa a ƙasa yake, za ki gamu da shi nan gaba."

Ta daɗe tana kallon ɗigon. Sannan ta koma farkon ayar ta karanta ta daidai. Ta shiga Baƙara, yatsa na tafiya, har ta iso *fihi*. Ga ɗigo a ƙasa. Ta ɗan dakata, ta yi murmushi, ta wuce ba tare da ta nemi kowa ba. Tsofaffin da ke rumfa, waɗanda da wannan rubutu suka tashi, suka fara kabbara tun ba ta kai aya ba. Wani dattijo daga Gwiwa kuka yake yi a fili, bai ko damu ya share ba.

Da ta rufe, mutane suka yo ca, kowa na son ya taɓa allon. Nuruddeen ya ratso su, idonsa jawur, ya miƙa hannu biyu zai karɓa ya riƙe mata.

Ta janye allon ta rungume a ƙirji. Ta ce, "Kana da alwala?"

Ma'aikaci guda, a gaban manyan baƙinsa, ya naɗe hannun riga ya tafi neman buta da sauri.