Shaidar Maƙwabci

Ranar da na cika shekara saba'in na je wurin lauya a birnin Uruapan, na sa ya rubuta cewa idan ciwo ya kai ni ga kasa magana, kada a jona ni da inji. Ina ta hura hanci, ni ga jarumi.

"Sai ka kawo shaida wanda ba danginka ba, Malam Anselmo," in ji lauyan.

A ƙauyenmu kuwa kowa dangina ne, in banda maƙwabcina Leobardo, wanda shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji saboda bishiyar piya guda. Na haɗiye girman kaina na buga masa ƙofa.

Ya zo da rigarsa ta zuwa coci. Sau biyu ya karanta takardar yana murmushi, sannan ya sa hannu.

Tun ranar, kullum da safe sai ya leƙo ta katanga: "Maƙwabci, ya jikin? Kamar na ji tari."

Na bar taba. Na bar kitse. Ina zagaya dandali sau biyar, ina haki ina zaginsa.

Shekara ashirin matata Herminia tana roƙona in kula da kaina, na toshe kunne. Ashe murmushin wannan ɗan banzan nake jira.